Daga Jakar Wasiƙun Masu Sauraro: Yaushe Ya Kamata A Ziyarci Fadamar Everglades?

Wasiƙar da muka ɗauko yau ta fito ne daga hannun wani dattijo, manomin shinkafa kuma mai fataucin bandar kifi a yankin Haɗeja. Ya ce ɗansa yana aiki a birnin Mayami da ke jihar Fulorida ta ƙasar Amurka, ya aiko masa da goron gayyata, takardun tafiya kuma sun kammala. Yaron ya yi alkawarin idan ya zo zai kai shi wani gandun daji da ake kira Everglades, wai fadama ce, kuma yana so mahaifin nasa ya zo cikin watan Yuli, domin lokacin ne jikoki ke hutun makaranta. Shi ne Alhaji yake tambaya, shin watan Yuli ya dace? Me zai riƙa, me zai bari a gida? Gaskiya ne kadoji suna kwanciya a kan hanya? Daga ƙarshe ya ce, shi da aka haifa cikin fadama, mene ne zai gani a fadamar wasu da har zai kashe kuɗin jirgi?

To, Alhaji, mun gode da wannan wasiƙa. Bari mu fara da wadda ta fi gaggawa. Idan don ganin jikoki ne kawai, kowane wata ka je daidai ne. Amma idan har ana so ka ga wannan fadama ka ji daɗinta, to, ka ce wa yaron a ɗaga tafiyar daga Yuli, a mayar da ita tsakanin Disamba da Maris, iyaka Afrilu. Dalili kuwa dalili ne da kai ka fi ɗanka sani, wato ruwa.

Wannan wuri yana can ƙurewar kudancin Fulorida, inda ƙasa ta ƙare teku ta fara. Faɗin gandun ya kai eka miliyan ɗaya da rabi, wato kimanin murabba'in kilomita 6,100, ya ninka dajin Yankari fiye da sau biyu da rabi ke nan. An buɗe shi a watan Disamba na 1947, zamanin Shugaba Harry Truman. Idan ka tsaya ka duba, ba za ka ga dutse ko tudu ba, sai ciyawa shimfiɗe har iyakar ganinka, da ɗan tsibirin itatuwa jefi-jefi. Amma ƙarƙashin ciyawar nan ruwa ne, kuma tafiya yake yi. Yana tasowa ne daga wajen wani babban tafki mai suna Okeechobee da ke arewa, ya bazu ya yi faɗi na mil da yawa, ya riƙa malalowa kudu a hankali ƙwarai har ya faɗa teku, zurfinsa a wurare da dama bai wuce gwiwa ba. Saboda haka ne wata marubuciya, Marjory Stoneman Douglas, ta kira wurin kogin ciyawa a littafin da ta fitar a 1947, sunan kuwa ya bi shi har yau. Ita ciyawar tana da haƙora a gefen ganyenta kamar zarto, wanda ya ratsa ta da gajeren wando zai ba da labari.

Shekararsu a can kashi biyu ce kamar tamu, damina da rani. Damina tana kamawa daga Mayu zuwa Nuwamba, ka ga kusan tare muke yi da su. A lokacin zafi kan kai digiri 32 a ma'aunin Salshiyas, ga gumi, iska ta yi nauyi kamar ana dafa mutum a tukunya. Kusan kowace azahar hadari kan haɗu, a yi ruwa da tsawa, kuma fili ne fetal, babu inda mutum zai fake. Sai babban sarki, sauro. Alhaji, na san mutumin fadama ba ya tsoron sauro, amma na can a damina, musamman wajen bakin teku, ba ya jiran dare, da rana tsaka yake rufe mutum, har baƙi kan sa riga mai raga a fuska. Bugu da ƙari, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokaci ne na mahaukaciyar guguwar teku. Wadda aka sa wa suna Andrew ta ragargaza garin Homestead da ke bakin ƙofar gandun a watan Agusta na 1992, wata kuma mai suna Irma ta yi ɓarna a 2017. Idan an hango irin wannan guguwa, rufe gandun ake yi ɗungurungum, ko da ka zo daga bangon duniya.

Amma duk wannan wahala da sauƙi da a ce za ka ga abin da ka je gani. Matsalar ita ce, idan ruwa ya cika ko'ina, dabbobi watsewa suke yi. Kai ka san yadda abin yake a wajenku: lokacin ambaliya kifi ya bazu cikin ciyawa, masunci ya yini bai cika gora ba, amma da ruwa ya fara janyewa sai kifi ya taru a gurabe masu zurfi, tsuntsaye su biyo shi, masu su kuma su biyo bayansu. To, haka yake a can ba bambanci. Da rani ruwa kan ja baya, kifi ya matsu a 'yan kududdufai, waɗansunsu ma kadoji ne suka haƙa su da bakinsu da jelarsu. Nan za ka tarar da zalɓe da kwasakwasa da sauran tsuntsayen ruwa sun yi dafifi, ga kunkuru, ga kada kwance yana shan hantsi. An ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 360 a gandun. A watannin nan zafin rana yakan kasance wajen digiri 25, da dare ya sauka wajen 12, wani lokaci iskar arewa ta kawo sanyi irin na tsakiyar hunturu, don haka ka riƙe rigar sanyinka. Sauro kuma ya ragu sosai.

Ka ga wannan ya yi maka daidai ta wajen gona. A Yuli shinkafarka tana tsakiyar neman hannu, ga ciyawa, ga taki, ba lokacin barin gida ba ne. Amma ka girbe, ka ɗaure buhunanka, ka sayar da wanda za ka sayar, sa'an nan ka tashi hankali kwance. Idan kana noman rani, sai ka tsara wanda zai tsaya a kan ban ruwa na 'yan makonnin. Maganar jikoki kuwa, makarantun can suna ba da hutu kamar na mako biyu a ƙarshen Disamba, da wani na mako guda a cikin Maris. A ganina na Maris ya fi, domin ruwa ya ja sosai a lokacin, sai dai duka biyun akwai cinkoson baƙi.

Yanzu sai ta ina za a shiga. Wannan ɗanka ya saurara da kyau, domin nan ne baƙi suka fi yin asarar yini. Gandun yana da ƙofofi uku, kuma babu hanyar mota a ciki da ta haɗa wata da wata. Wanda ya ce zai zagaya dukansu a rana ɗaya, a mota zai yini.

Ta farko ita ce ta wajen Homestead, tafiyar kamar sa'a guda daga Mayami. Daga bakin ƙofa akwai kwalta mai tsawon mil 38, wato kilomita 61, wadda ta miƙe har wani wuri a bakin teku da ake kira Flamingo. Ba a yi nisa da shiga ba, kamar mil huɗu, sai a ratse zuwa Royal Palm, inda aka yi wata hanyar ƙafa da gadar katako a kan ruwa mai suna Anhinga Trail. Zuwa da dawowa bai cika mil ɗaya ba, babu hawa babu gangara, dattijo zai yi ta ba tare da haki ba. Idan yini ɗaya kuke da shi, to, nan za ku fara, kuma ku yi sammako. Ga wani abin dariya da ba dariya ba: ungulayen wurin sun koyi wata mummunar ɗabi'a, sukan sauka a kan motocin baƙi su yayyage robar gilashi da ta abin share ruwa. Har tamfol akan ajiye a wurin don mutane su lulluɓe motocinsu. Idan motar haya ce, ɗanka ya lulluɓe ta kafin ku juya baya, in ba haka ba ungulu ta ci, shi ya biya.

Idan kun ƙarasa Flamingo, ku tsaya a tashar jiragen ruwa ku zuba ido. Nan ake yawan ganin ayu, ɗan'uwan wanda masuntanmu suka sani a kogin Binuwai da Kwara, yana ɗago hanci ya shaƙi iska ya koma. Akwai jiragen da ke ɗaukar baƙi su zaga da su cikin itatuwan nan na bakin teku masu saiwa a waje kamar ƙafafu.

Ƙofa ta biyu ita ce Shark Valley, a kan babbar hanyar da ta ratsa daga Mayami zuwa yamma, wadda ake kira Tamiami Trail. A nan akwai hanya mai zagaye ta mil 15, ba a shiga da motar gida, sai dai a hau keken haya ko wata doguwar mota marar ƙofa da ke zagayawa da baƙi cikin sa'a biyu, da mai bayani a gaba. A tsakiyar hanyar akwai hasumiya da ake hawa a hango kogin ciyawar nan gabas da yamma. Alhaji, ka bar wa jikoki keke, kai ka hau mota. A sayi tikiti tun kafin ranar, a kuma isa da wuri, domin da rani wurin ajiye motoci kan cika tun hantsi. A kan wannan hanya ce kuma ake samun jiragen nan masu ƙatuwar fanka a baya da ke gudu a kan ciyawa. Yara suna son su, amma ƙararsu tana korar tsuntsu, ni dai ban ɗauke su hanyar ganin daji ba. Ta uku tana can yamma wajen Everglades City, ta masu kwalekwale ce, ku bar ta sai wani zuwan.

Sai maganar kada. E, gaskiya ne, a Shark Valley da Anhinga Trail za ka same shi kwance a gefen hanya, wani lokaci a kan hanyar ma, babu shinge tsakaninku. Iri biyu ne a gandun. Akwai baƙi mai faffaɗan baki da ke zaune a ruwan daɗi, shi ne mai yawa. Akwai kuma mai ruwan toka, mai siririn baki, wanda haƙoransa ke bayyane ko ya rufe baki, shi ya fi son ruwa mai gishiri-gishiri, akan gan shi wajen Flamingo. Kudancin Fulorida ne kaɗai wuri a duniya da waɗannan biyun suke zaune tare. Ƙa'idar hukumar gandun ita ce a bar aƙalla ƙafa 15 tsakaninka da shi, wato taku biyar ko shida masu kyau. Za ka gan shi shiru kamar gungume, kada wannan ya ruɗe ka, sunan nasa ma ai gargaɗi ne. Ba a jefa masa abinci, laifi ne da ake cin tara a kansa, domin kadan da ya saba karɓa daga hannun mutum shi ne ke bin mutane daga baya. A riƙe hannun ƙananan yara, kada a bar su su yi gaba. Wani abu kuma da ya shafe mu musamman: idan lokacin salla ya yi, kada ka tsuguna a bakin ruwa ka ce za ka yi alwala kamar yadda ka saba a gida. Ka tafi da butarka, ka cika ta a famfon ofishin baƙi. Alƙibla daga can arewa maso gabas take.

Akwai macizai masu dafi iri huɗu, don haka takalmi rufaffe za ka sa, ka ajiye silifa, ka kuma tsaya a kan hanyar da aka shata. Kada ka tsinki ganye ko ɗan itace ka ce za ka gwada. Akwai itacen da ruwansa ke sa fata ta yi bororo, akwai kuma wani a bakin teku mai 'ya'ya kore kamar ƙaramin tuffa, guba ne. Dama doka ta hana cire ko da ciyawa. Farauta haramun ce a gandun, kamun kifi na sayarwa ma haka, na ƙugiya don nishaɗi kuwa sai da lasisin jihar. Na san idon mai fataucin kifi zai ga abin da zai sa yawunsa ya tsinke, to, a yi haƙuri.

Guzuri ba shi da yawa: ruwan sha isasshe, malafa, riga mai dogon hannu, maganin shafawa na sauro ko da rani ne, da abincin rana, domin wuraren sayar da abinci a ciki kaɗan ne. A cika tanki da mai tun daga Homestead. Wayar hannu ba ta kamawa a wurare da yawa, saboda haka a karɓi taswira a ofishin baƙi da ke bakin ƙofa. Idan kana shan maganin hawan jini ko na sukari, ya kasance a aljihunka, ba a jakar da aka bari a gida ba. Abin da za ka bari a Haɗeja kuwa shi ne kilishi da duk wani nama, da ɗanyun 'ya'yan itace, da irin shuka. Ma'aikatan kwastan na Amurka ba sa barin su shiga. Duk wani abin ci da ke jakarka ka faɗa musu da bakinka, idan sun ƙwace sun ƙwace, amma wanda ya ɓoye aka gano, tara ce mai nauyi.

Kuɗin shiga, a 2025 dala 35 ne kowace mota, tikitin kuma yana aiki kwana bakwai. Amma gwamnatin Amurka ta ba da sanarwar cewa daga 1 ga Janairu 2026 baƙon da ba mazaunin ƙasar ba, mai shekara 16 zuwa sama, zai ƙara dala 100 a manyan gandaye 11, Everglades kuwa tana cikinsu. Ɗanka ya sa wannan a lissafi tun yanzu, ya kuma tambayi farashin katin shekara ya gwada wanda ya fi sauƙi. Sauran masu sauraro da wannan bayani ya ba sha'awa, ku sani tun 2025 Amurka ta tsananta ƙa'idojin biza ga 'yan ƙasashenmu da dama. Kowa ya fara jin ta bakin ofishin jakadanci kafin ya kai bijiminsa kasuwa, kuma a yi hattara da 'yan kamasho masu alkawarin biza.

Idan ana son kwana, akwai sansani biyu da ake kafa tanti, Long Pine Key da Flamingo, a Flamingo kuma akwai masauki da aka sake buɗewa a 2023, bayan guguwar 2005 ta lalata na da. Da rani sai an kama wuri tun da sauran watanni. Matasa masu ƙarfi kan bi wata hanyar kwalekwale mai mil 99 su yi fiye da mako guda, suna kwana a kan dakalin katako da aka kafa a tsakiyar ruwa, da izinin hukuma. Wannan ba naka ba ne, Alhaji. Ka yini ka koma gidan ɗanka ka kwana a katifa.

Saura tambayarka ta ƙarshe, wadda ta fi daɗi a wurina: me mutumin fadama zai gani a fadamar wasu? Za ka ga balbela, irin tamu sak. Asalinta daga Afirka ta tsallaka teku da fukafukanta zuwa Kudancin Amurka, daga can ta haura, ta fara sheƙa a Fulorida a wajajen 1953. Amma abin da ya fi wannan, za ka ga ciwon da ka sani a jikin wani. Tun farkon ƙarni na 20 aka shiga haƙa magudanai da gina madatsai don a busar da fadamar a yi gonaki da gidaje. Ita hanyar Tamiami da aka gama a 1928 ta zama kamar ganuwa ta tare ruwa. Kusan rabin fadamar ta asali ta tafi. A kudancin tafkin Okeechobee aka shimfiɗa manyan gonakin rake, ruwan da ke fitowa daga cikinsu yana ɗauke da sinadarin fosfaras, wanda ke cikin taki irin su sufa da kamfa. Inda wannan ruwa ya shiga, sai wata ciyawa ta yi ƙarfi ta kori ta asali, ta toshe hanyar kifi da tsuntsu. Ka san wace ciyawa ce? Kacala. Ita dai wadda ta cinye muku gonaki da mashigai tun bayan da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka canza yadda ruwa ke zuwa muku. Sanadin ya ɗan bambanta, a wajenku ruwan da ya daina janyewa da rani ne ya fi ba ta gindin zama, a can kuwa taki ne kan gaba, amma ciyawar ita ce. Wuraren biyu ma suna cikin rajista ɗaya ta fadamu masu muhimmanci a duniya, wato ta Ramsar: Everglades ta shiga a 1987, tafkin Nguru da mashigar Marma a 2000.

A shekarar 2000 majalisar dokokin Amurka ta amince da wani babban shiri na mayar wa fadamar ruwanta, domin ita ce ke ciyar da rijiyoyin da miliyoyin mutanen Mayami da kewaye ke sha. Sun ɗaga wani sashe na hanyar Tamiami suka mayar da shi gada, ta farko mai mil ɗaya an gama ta a 2013, don ruwa ya wuce ta ƙarƙashi. Sun kuma ware manyan filaye inda ruwan gonaki ke kwanciya ciyayi su tsotse takin kafin a sake shi. Idan za ku Shark Valley, a kan gadojin nan za ku bi, ka ce wa ɗanka ya rage gudu ka duba da kyau.

Wani abin kuma da za ka lura, da wuya ka ga zomo ko ƙananan namun daji. Mesa ce ta cinye su, irin ta ƙasar Bama, wadda mutane suka shigo da ita suna kiwo a gida don sha'awa, ta kuɓuce ko aka sake ta, ta hayayyafa. Wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna waɗansu ƙananan dabbobin sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Yanzu har biyan mutane ake yi su kama ta. Kai dai da wuya ka haɗu da ita, ɓoyewa take yi. Ma'aikatan gandun masu faffaɗar malafa suna zagayawa da baƙi da rani suna bayani, ka sa ɗanka ya yi maka tafinta, ka tambaye su yadda suke yi da kacala, kai ma ka gaya musu yadda kuke yi da taku.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, Alhaji, a gai da jikoki. Idan ka dawo muna jiran wasiƙarka. Masu sauraro, wasiƙa ta gaba daga Damagaram take, a kan farashin wake da yadda ake adana shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.